Littafin Giraf, Kalkuleta, Waya ko Kwamfuta: Wanne Za a Saya wa Ɗalibin da Fankshin Ke Ba Wuya?

Duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta matso, iyaye a Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan kawo mini tambaya kusan iri ɗaya, kasancewar ina koyar da 'yan sakandare lissafi a darasin yamma. Yaro ya koma gida ya ce tambayar giraf ta gagare shi, a saya masa babbar kalkuleta. Wani ya ce waya yake so mai manhajar zane, wani kuma har kwamfutar tafi-da-gidanka yake hange. Uba yana kasuwa tun asuba, kuɗin da gumi ya same su, kuma ba shi da yadda zai rarrabe buƙata da kwaɗayi. Haka ma ɗaliban ajin farko a UNILAG da LASU da Yabatech, su ma sukan rasa inda za su zuba ɗan abin da ke hannunsu.

Kafin a yi maganar saye, sai an san aikin da ake so kayan ya yi. In ba haka ba, a kashe kuɗi a kan abin da zai warware matsalar da yaron ba shi da ita, a bar wadda take damunsa.

Aikin da ake nema

Fankshin ƙa'ida ce da ke ɗaure adadi biyu: ka ba ta x, ta fitar maka da y guda ɗaya tak. Ana iya nuna ta ta fuska huɗu, wato da zance, da fomula, da jadawali, da giraf. Bari mu ɗauki misali daga unguwa. A ce mai ruwa yana biyan hayar kura naira 1,200 a rana, kuma yana cin ribar naira 100 a kan kowace jarka. Wannan shi ne zancen. A fomula sai a rubuta y = 100x − 1200, inda x yake yawan jarkoki, y kuma abin da ya rage masa. A jadawali: in bai sayar da ko ɗaya ba ana bin sa 1,200, jarka 6 saura 600 a kansa, jarka 12 ya fita kunya ba riba ba asara, jarka 30 ya tashi da 1,800. A giraf kuwa miƙaƙƙen layi ne da ya faro daga ƙasan sifili, ya ratsa layin x, wato layin kwance, a kan 12, ya ci gaba da hawa.

Abu ɗaya ne aka faɗa sau huɗu, amma kowace fuska da tambayar da take saurin amsawa. Jadawali yana ba ka adadi daidai a wuraren da ka zaɓa, ya yi shiru a kan abin da ke tsakani. Giraf yana nuna maka yanayin abin gaba ɗaya da kallo ɗaya, amma karanta adadi daga cikinsa kintace ne. Fomula ta fi su cika, sai dai ba ta magana da wanda bai iya karanta ta ba.

Ita kanta fomula tana da siffa fiye da ɗaya, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke ɓacewa. Dubi waɗannan ukun:

y = x² − 4x − 5
y = (x − 5)(x + 1)
y = (x − 2)² − 9

Duka fankshin ɗaya ne. Ta farko tana gaya maka inda zanen ya ratsa layin y na tsaye, wato −5. Ta biyu, mai baka biyu, tana gaya maka inda ya ratsa layin x, wato 5 da −1. Ta uku tana nuna gindin zanen, wurin da ya daina sauka ya fara hawa: x tana 2, y tana −9. Wanda ya iya juya ta farko zuwa sauran biyun zai zana kamannin giraf ɗin a kansa tun bai ɗauki fensir ba, zane mai siffar ƙwarya da bakinta a sama. Dabarar da ke fitar da siffa ta uku, cika murabba'i, tsohuwa ce ƙwarai, Al-Khawarizmi ya yi bayaninta a Bagadaza tun ƙarni na 9. Haɗa fomula da zane a kan layuka biyu kuwa ana danganta shi da René Descartes na Faransa, a aikin da ya fitar a 1637.

Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne juyawar tana da hanyar zuwa da hanyar dawowa. Zuwa ita ce daga fomula a fitar da jadawali, daga jadawali a zana giraf. Wannan na'ura tana yin ta cikin ƙiftawar ido. Dawowa ita ce a ba ka zane ko jadawali ko labari ka fitar da fomula, kuma a nan ne maki ke zubewa.

Ma'aunan da na bi

Na auna kowane zaɓi da abu biyar. Na farko kuɗi, na saye da wanda za a riƙa kashewa daga baya, kamar batir da data da caji. Ban kawo farashi da naira ba don yana sauyawa kafin wata ya zagayo, sai dai in kwatanta wannan da wancan. Na biyu ƙarko a yanayin Legas: danshi, ruwan sama, ɗaki ɗaya da ƙanne, matsatsin danfo, da ɗaukewar wuta. Na uku sauƙin koyo. Na huɗu irin juyawar da kayan yake iya yi, zuwa kaɗai ko har da dawowa. Na biyar haɗari, wanda ya haɗa da jabu, da sata, da lalata wa yaro hannu, da kuma ko za a bar shi ya shiga ɗakin jarrabawa da shi.

Littafin giraf da fensir da rula

Wannan shi ne mafi arha nesa ba kusa ba, ana samun sa a kowane shagon littattafai, har a tebur ɗin masu sayar da kayan makaranta a bakin titi. Ba ya son caji, ba ya son data, ɓarawo ba ya kallon sa. Abokin gabarsa ruwa ne. Jakar da ta sha ruwan watan Yuni takan mayar da takardar ta kumbura, layukan su karkace, don haka a riƙa sa shi cikin leda. Yana kuma ƙarewa, amma ƙarewarsa alama ce ta cewa yaro yana aiki.

Na daɗe a kansa saboda da shi ake cin jarrabawa. Tambayar giraf a takarda ta biyu ta lissafin WAEC tana da tsari sananne: a ba ka fomula da jadawali mai guraben da ba a cike ba, a ce ka kwafa ka cike, a ba ka sikeli, misali santimita 2 ga 1 a layin x da santimita 2 ga 5 a layin y, ka zana, sannan ka karanta amsoshi daga zanenka. Babu waya ko kwamfuta da za ta koya wa hannu wannan. A takardar da ke da ƙananan gidaje goma a cikin kowace santimita 2, sikelin 2 ga 5 yana nufin kowane ƙaramin gida rabi ne, wato 0.5. Yaron da bai taɓa zama ya ƙirga gidajen nan ba zai ɗora −8 a inda −9 take, zanensa ya fito da ƙusumbi, ya rasa makin zane da makin karatu baki ɗaya. Sai kuma haɗa ɗigogin: da yawa sukan ɗauki rula su ja layi daga ɗigo zuwa ɗigo, zanen ya fito da kusurwoyi, alhali lanƙwasa mai santsi ake so. Ɗalibai sun daɗe suna amfani da tsinken tsintsiya, a lanƙwasa shi ya bi ɗigogin, wani ya riƙe ko a danne da yatsu, a bi gefensa da fensir mai tsini. Yana aiki sosai, amma a gida ake saba hannu da shi har a iya ja ba tare da shi ba.

Abin da ya fi burge ni a takarda shi ne tana buɗe hanyar dawowa. Ɗauki jadawalin fankshin ɗinmu na sama, daga x = −2 zuwa x = 6. Adadin y su ne 7, 0, −5, −8, −9, −8, −5, 0, 7. A ce an ɓoye maka fomular. Cire kowane adadi daga wanda ke binsa, za ka sami −7, −5, −3, −1, 1, 3, 5, 7. Ba su zama ɗaya ba, ke nan ba miƙaƙƙen layi ba ne. Sake cirewa, sai ka ga 2 ce ke ta maimaituwa. Wannan shaida ce cewa fankshin ɗin kwadiratik ne, wato mai siffar ax² + bx + c, kuma rabin wannan 2 ɗin shi ne adadin da ke gaban x², wato 1. A inda x take 0, y tana −5, ka sami adadin ƙarshe. Sa x = 1: 1 + b − 5 = −8, b ta zama −4. Ga fomularka ta dawo hannunka. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau da yawa ya daina jin tsoron jadawali, ya fara ganin sa a matsayin abin da ke da tsari a ciki.

Rauninsa biyu ne. Yana cin lokaci, zane ɗaya mai kyau yakan ɗauki kusan kwata na awa ko fiye ga mai koyo, don haka ba za a ga misalai da yawa a zama ɗaya ba. Sannan ba ya gyara kuskure. In yaro ya lissafa ba daidai ba ya zana, takardar ba za ta ce masa komai ba sai malami ya duba.

Kalkuletar kimiyya

Ina nufin irin su Casio fx-991ES Plus da ƙanwarta fx-82ES Plus. Kuɗinta matsakaici ne, ya fi na littafi sau da yawa amma bai kai na waya ba, kuma sau ɗaya ake biya. Ta asali tana iya raka yaro daga SS1 har ya gama digiri in bai yar ba. Samfurin 991 yana aiki da hasken rana da ƙaramin batir, wanda yakan yi shekaru ba a canja ba. Murfinta mai zamewa yana kare ta daga matsi a jaka.

Ɗalibai da yawa suna riƙe da ita ba su san tana fitar da jadawali ba. A kan 991ES Plus, danna MODE, ka danna 7, ka rubuta fomular, ta tambaye ka inda za a fara, inda za a tsaya, da tazarar da ke tsakani. Sai ta jero maka x da y, har layi 30. In ka danna MODE, 5, sannan 3, ka ba ta a da b da c, za ta ba ka inda kwadiratik ya ratsa layin x, daga nan kai ka rubuta shi cikin baka biyu. A sashen STAT kuma kana iya zuba mata jadawali ta nemo maka miƙaƙƙen layi ko kwadiratik da ya dace da shi, wato tana taɓa hanyar dawowa kaɗan. Abin da ba ta yi shi ne zane. Ba za ka ga siffar komai ba sai lambobi.

Haɗarinta na farko jabu ne, kuma ya cika kasuwa. Takan zo a kwali mai kyau da suna iri ɗaya, amma rubutun fuskarta dishi-dishi, maɓallan suna maƙalewa ko su rubuta lamba sau biyu, wata ma abin da ke kama da farantin hasken rana roba ce kawai aka manna. Hausawa sun ce arha ba ta ado. In an rage maka kuɗi har ka yi mamaki, to ka ajiye. A saya a shagon da za a iya komawa, a gwada kowane maɓalli a gaban mai shago, a buɗe sashen jadawali a ga yana aiki.

Haɗari na biyu daga mai dannawa ne. Rubuta −3² ka danna daidai, za ta ba ka −9. Rubuta (−3)², ta ba ka 9. Ba kuskure ta yi ba, ƙa'idar lissafi ce, amma yaron da ke cike jadawali da x da ke ƙasa da sifili bai sa baka ba zai lalata rabin jadawalinsa. Haka a zanen sin da cos: in ƙaramin harafin da ke saman fuskarta R ne ba D ba, to a radiyan take, wato wani ma'aunin kusurwa daban, duk amsar da za ta bayar ba ta digiri ba ce.

Game da jarrabawa, WAEC da NECO sun hana waya da kalkuletar da ake iya loda wa shiri. Wace iri za a bari a shiga da ita a shekararku, wannan a tambayi makaranta ko cibiyar jarrabawa tun da wuri, kada a bari sai ranar. A JAMB kuwa ba a shiga da kalkuleta, akwai 'yar ƙarama a fuskar kwamfutar da ake jarrabawar, kuma ba ta fitar da jadawali.

Manhajar waya: Desmos da GeoGebra

Dukansu kyauta ne. Markus Hohenwarter ya fara GeoGebra a matsayin aikin karatunsa a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 2000, Desmos kuma Eli Luberoff ne ya kafa ta a Amurka a 2011. In akwai wayar Android a gida, abin da za a kashe datar saukewa ce kawai, bayan nan suna zane ba tare da intanet ba. In kuwa sai an sayi waya saboda su, to zaɓin ya koma mai tsada.

Wajen fahimta babu kamar su, kuma ina faɗin haka da yaƙini. Rubuta y = a(x − h)² + k a Desmos, za ta ba ka maja uku, wato ɗigogin da ake ja da yatsa don sauya adadi, na a da na h da na k. Ja h ka ga zanen yana tafiya dama da hagu. Ja k ka ga yana hawa yana sauka. Ja a ta wuce sifili zuwa ƙasa, ka ga zanen ya kife. Abin da malami zai kwashe mako yana bayani a allo, yaro yana ganin sa da idonsa cikin minti biyar. Rubuta siffofi ukun nan na sama ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga zane uku sun hau kan juna sun zama ɗaya, daga ranar ba sai an sake rantse masa cewa fankshin ɗaya ne ba. Taɓa zanen da yatsa, ta nuna maka inda ya ratsa layuka da gindinsa. Tana kuma mayar da fomula jadawali, kuma in ka ba ta jadawali ka rubuta y₁ ~ ax₁² + bx₁ + c, ta nemo maka a da b da c.

Bambancinsu: Desmos ta fi sauƙin shiga, yaro yana buɗewa zai fara. Amma ba ta juya fomula daga siffa zuwa siffa. GeoGebra tana yi, tana da umarnin Factor da Expand da CompleteSquare, sai dai maɓallanta sun fi yawa, tana son a zauna a koya, kuma takan yi nauyi a ƙaramar waya. A kula, Desmos da radiyan take farawa, sai an shiga saiti an mayar da ita digiri kafin zanen sin x daga 0 zuwa 360 ya fito yadda yake a littafin makaranta.

Ƙarkonsu ƙarkon wayar ne: fuska ta fashe, batir ya mutu ana tsakiyar aiki ga babu wuta, ko a zare ta a cunkoson tasha. Amma babban haɗarin ba wannan ba ne. Wayar da ke ɗauke da Desmos ita ce ke ɗauke da TikTok da WhatsApp. Sannan akwai yaudarar kai: yaro ya ga zane ya fito tsaf a fuskar waya, ya ɗauka ya iya, ranar jarrabawa a miƙa masa takarda ya rasa ta inda zai fara sa sikeli. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su fara zanawa da hannu, sannan su buɗe manhajar su duba ko sun dace. In aka juya tsarin, kwafa kawai ake yi.

Kwamfuta da manhajar jadawali

Excel, ko Google Sheets da LibreOffice Calc waɗanda kyauta ne. Ko 'yar kwatano aka sayo a Computer Village ta Ikeja, ita ce mafi tsada a jerin nan, ga batirin tsohuwar kwamfuta ba ya riƙe wuta, ga danshi da ƙura. Ɗan sakandare ba ya buƙatarta don fankshin.

Inda take da amfani shi ne in adadin daga rayuwa suka fito, ba daga littafi ba: sakamakon gwaji a ɗakin kimiyya, ko cinikin shago na watanni. Ka zuba su a layi biyu, ka zana, ka sa ta ja layin da ya fi dacewa da ɗigogin ta rubuta maka fomularsa. Wannan hanyar dawowa ce sosai. Tarkunanta uku ne da na sani. In ka zaɓi zanen Line a maimakon Scatter, za ta jera adadin x da tazara ɗaya ko da ba haka suke ba, zanen ya yi ƙarya. SIN da COS ɗinta da radiyan suke aiki. Sannan a Excel, =-3^2 yana ba da 9, saɓanin kalkuleta, don haka fomula mai farawa da −x² sai an sa baka da kyau.

Kalkuleta mai zana giraf

Irin su TI-84 Plus, wadda ta fito a 2004. Casio ce ta fara fitar da irin wannan na'ura a 1985. Suna da ƙarfi, suna shekaru, amma sabuwar TI-84 takan haura dala 100 a Amurka, kafin a zo maganar canji da kawowa. Ana loda musu shiri, ke nan ba sa shiga WAEC da NECO. Abin da suke zanawa, waya tana zana wanda ya fi shi kyau a kyauta. Ban ga dalilin da ɗan makarantar gwamnati ko mai bin manhajar karatun Nijeriya zai saye ta ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Juyawar da yake yi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Littafin giraf | Kaɗan ƙwarai | Ruwa na ɓata shi, yana ƙarewa | Yana son haƙuri da malami | Duka, amma da hannunka | Ba ya nuna kuskure |
| Kalkuletar kimiyya | Matsakaici, sau ɗaya | Shekaru, in ta asali ce | Mai sauƙi | Fomula zuwa jadawali, ba zane | Jabu, kuskuren baka da digiri |
| Desmos ko GeoGebra | Kyauta in akwai waya | Daidai da wayar | Desmos nan take, GeoGebra sai an koya | Fomula, jadawali, giraf | Shagala, mutuwar hannu |
| Kwamfuta | Mai yawa | Batir da wuta | Sai an koya | Jadawali zuwa giraf da fomula | Zaɓen zanen da bai dace ba |
| Kalkuleta mai giraf | Mai yawa | Mai ƙarko | Maɓallai da yawa | Fomula, jadawali, giraf | Ba ta shiga WAEC da NECO |

Gurbin da babu a jadawalin nan

Duk cikinsu babu wanda ke ɗaukar zance ya mayar da shi fomula a madadin ɗalibi ranar jarrabawa. A ce gabanin Babbar Sallah mai sayar da raguna ya sami wuri a jikin katanga, yana da wayar shinge mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye gefe uku, katangar ta zama na huɗu. Yaya zai yi ya sami fili mafi girma? Sai mutum ya zauna ya ce: gefe biyun da suka fito daga katanga kowanne x ne, ke nan abin da ya rage wa na ukun 40 − 2x, girman filin kuma x(40 − 2x). Da zarar an kai nan aiki ya ƙare, kowace na'ura za ta ƙarasa. Cika murabba'i ya ba da −2(x − 10)² + 200, wato mita 10 da mita 20, fili murabba'in mita 200. Amma matakin farkon nan, na gane wane ne x da yadda sauran suka rataya a kansa, sai da malami ko yaya ko abokin karatu da zai zauna da yaro su yi ta warware irinsa. In kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne, kuma matsalar yaron a nan take, to a biya kuɗin darasi, a bar na'ura.

Wa ya dace da me

Ɗan SS1 ko SS2 da ke fara haɗuwa da giraf: littafin giraf, fensir mai kyau, rula, da aron wayar babba na ɗan lokaci a ƙarshen mako don ya ja majan Desmos ya ga yadda zane ke motsi. Ba sai an saya masa tasa wayar ba.

Ɗan SS3 mai shirin WAEC ko NECO: littafin giraf da kalkuletar kimiyya ta asali, kuma a saye ta da wuri don hannu ya saba. Ya cike jadawali da kansa, ya duba da kalkuleta, ya zana da agogo a gabansa. Tambayoyin shekarun baya su ne abincinsa.

Mai shirin JAMB kaɗai: kada a kashe kuɗi a sabuwar na'ura. Tambayoyin zaɓi ne kuma lokaci gajere, abin da zai cece shi shi ne ya kalli fomula ya san siffar zanenta, ya juya kwadiratik zuwa baka biyu ko ya cika murabba'i da sauri a takarda.

Ɗalibin jami'a ko kwalejin fasaha a injiniya ko kimiyya: kalkuleta samfurin 991 da GeoGebra a waya. Kwamfuta ta jira har a fara rubuta rahoton gwaji, kafin nan ta ɗakin karatun makaranta ko ta aboki ta isa.

Mai niyyar jarrabawar SAT don karatu a waje: ya saba da Desmos sosai, domin tun da aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta, an sa Desmos a cikinta. Wanda kuma yake makarantar da ke bin manhajar ƙasashen waje, ya jira makarantar ta faɗi samfurin kalkuletar da take so kafin a saya.

Ɗan kasuwa ko mai POS da ke son ganin yadda riba ke tafiya da yawan ciniki: Google Sheets a wayarsa ya wadatar, layi ɗaya na ciniki, layi ɗaya na riba, da zanen Scatter.

Malamin darasin yamma ko na Islamiyya da ke haɗawa da boko, mai ɗalibai da yawa da kuɗi kaɗan: waya ɗaya mai faɗin fuska da za a riƙa zagayawa da ita, allo da aka ja wa gidajen giraf da fenti don kada a riƙa sake ja kullum, da littafin giraf a hannun kowane yaro.